Minti 16 kafin guguwa

Tun da safe na buɗe kwamfuta da niyyar duba tsofaffin hotunan rada, wato na'urar da ke hango hadari daga nesa, na awa ɗaya kacal, sai ga shi har yamma ban tashi ba. Hotunan na ranar 20 ga Mayu, 2013 ne, ranar da mahaukaciyar guguwa ta ratsa garin Moore a jihar Oklahoma ta Amurka, ta hallaka mutum 24.

Na riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya. Da farko hadari ne kamar kowane hadari, daga baya gefensa ya lanƙwashe kamar ƙugiya. Da na koma hoton da ke nuna tafiyar iska, sai na ga kore da ja sun manne da juna a wuri guda. Koren iska ce mai nufo na'urar, jan kuma wadda ke guje mata, don haka haɗuwarsu na nufin iskar tana juyawa a cikin gajimare. Irin wannan alama ce masana yanayi ke nema kafin su fitar da gargaɗi, kuma a ranar sun fitar da shi minti 16 kafin guguwar ta taɓa ƙasa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne giɓin da ke tsakanin hoto da hoto. Na'urar takan ɗauki minti 4 zuwa 5 kafin ta kammala leƙa sararin sama, alhali hadari ba ya jiran kowa. Sau da yawa na matsa gaba na tarar siffarsa ta sauya sarai. Shi ya sa cibiyar binciken guguwa da ke garin Norman na jihar Oklahoma, wadda aka kafa a 1964, ta daɗe tana gwajin wata rada da ke juya haskenta ta hanyar lantarki, ta gama aikin cikin kusan minti 1. A ganina nan ya fi cancanta a zuba kuɗi, domin gargaɗin da ya yi latti bai da amfani, wanda kuma ya yawaita ba tare da guguwa ta zo ba yakan sa mutane su daina kula da jiniya.

Da dare na saita agogo a kan minti 16, na gwada tattara takardu, magani da tocila. Ina cikin neman batir sai agogon ya buga.