Abin da zomo da ɓera suka koya mana game da sankarau

Abin da ya fi tsaya mini a rai game da sankarau shi ne halin wanda ya warke. Za a kwantar da yaro a asibiti, a yi masa allurai a kan lokaci, gwaji ya nuna ƙwayoyin cutar sun mutu, amma a sallame shi ya koma gida ba ya ji, ko farfaɗiya ta riƙa kama shi, ko kuma karatun da yake ɗauka cikin sauƙi a da ya koma yi masa wuya. Idan magani ya kashe ƙwayar cuta, to me ya taɓa ƙwaƙwalwar? Ba a iya samun amsar wannan tambaya a bakin gadon majiyyaci, domin likita ba ya ganin mutum sai ciwo ya ci ƙarfinsa, kuma babu wanda zai riƙa ɗiban ruwan lakar mara lafiya kowace sa'a don bincike kawai. Mafi yawan abin da aka sani game da sa'o'in farko na wannan ciwo, daga dabbobin ɗakin gwaji aka samo shi.

Tun farkon ƙarni na 20 Simon Flexner na cibiyar Rockefeller a Amurka ya yi amfani da birai wajen nazarin cutar, amma aikin da ya canza fagen ya zo ne a 1974, lokacin da wasu masu bincike biyu, Dacey da Sande, suka bayyana hanyarsu ta amfani da zomo. Ana sa wa zomon maganin barci, a kafe kansa a wani ƙarfe don kada ya motsa, sannan a soka siririyar allura ta ƙeya har ta isa wani ɗan gurbi da ruwan ƙwaƙwalwa ke taruwa a ƙasan ƙoƙon kai. Ta nan ake zuba ƙwayar cutar, ta nan kuma ake ɗiban ruwan lokaci bayan lokaci. Da farko ruwan yana fitowa garau kamar hawaye. Bayan wasu sa'o'i sai ya soma gurɓacewa saboda fararen ƙwayoyin jini da suka kwararo cikinsa, sukarin da ke ciki ya ragu, matsin da ke cikin kai ya hau. Mai bincike yana kallon ciwon yana tafiya daki-daki, kuma yana iya auna yawan maganin da ya ratsa daga jini ya kai wurin da ake bukatarsa.

A jikin zomo ne Elaine Tuomanen da abokan aikinta suka nuna, a 1985, abin da nake ɗauka a matsayin ginshiƙin wannan ilimi. Sun zuba ɓaraguzan bangon ƙwayar numokokus (ɗaya daga cikin ƙwayoyin da ke haddasa sankarau) kaɗai, ba tare da ƙwaya mai rai ko ɗaya ba, sai kumburi ya tashi kamar an sa cutar kanta. Ashe ɓarna mai yawa daga martanin garkuwar jiki take fitowa. Fararen ƙwayoyin jini suna cika tantanin da ke lulluɓe da ƙwaƙwalwa, jijiyoyin jini su kumbura wasu su toshe, ƙwaƙwalwa ta sha ruwa alhali tana cikin ƙashin da ba ya buɗewa. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne magunguna irin su penisilin suna kashe ƙwayar ne ta hanyar fasa bangonta, don haka allurar farko, wadda ita ce ke ceton rai, tana iya ƙara rura wutar kumburin na ɗan lokaci.

Daga nan tunanin deksametason ya samu ƙarfi, wato a ba da maganin kwantar da kumburi kafin allurar farko ko tare da ita. Ya yi aiki a zomo, aka gwada shi a yara a 1988 aka ga kurumta ta ragu, sannan a 2002 de Gans da van de Beek suka fitar da sakamakon gwajin manya 301 a Turai, inda mace-mace tsakanin masu sankarau na numokokus ya sauka daga kashi 34 cikin ɗari zuwa 14. Duk wanda ya tsira ta wannan hanya, zomayen nan suna da hannu a rayuwarsa, kuma ban ga dalilin jin nauyin faɗin haka ba.

Sai dai zomon da ke kwance cikin barci ba ya rayuwa ya girma, ba a iya sanin ko zai ji ko zai koyi abu. Haka kuma allurar ƙeya tana tsallake hanyar da cutar ke bi a jikin mutum, daga hanci da maƙogwaro zuwa jini, daga jini zuwa ƙwaƙwalwa. Moxon da abokansa sun bi wannan hanya tun 1974 ta ɗiga ƙwayar hemofilus, wadda ita ma ke haddasa sankarau, a hancin jariran ɓeraye. Daga baya Stephen Leib da mutanensa a birnin Bern na ƙasar Switzerland suka yi aiki da jariran ɓeraye 'yan kwana 11, suna sa musu numokokus, su yi musu magani, su bar su su rayu. A ƙwaƙwalwarsu an ga ɓarna iri biyu: wurare a ɓawon ƙwaƙwalwa da suka mutu saboda yankewar jini, da kuma ƙwayoyin halitta da ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya a hipokampas, sashen da koyo da tuna abu suka dogara a kansa. Bayan sun girma kaɗan ana sa su a wani faffaɗan kwano mai ruwa wanda aka ɓoye ɗan dandamali a ƙarƙashinsa. Lafiyayyen ɓera yana gane wurin bayan 'yan kwanaki ya nufe shi kai tsaye, wanda ya yi ciwon kuwa yana ta kewaye yana nema. Duk lokacin da na tuna wannan ɓera, yaron da karatu ya gagara nake gani.

A nan ne lamarin ya rikice. A waɗannan jariran ɓeraye, deksametason ya ƙara yawan mutuwar ƙwayoyin hipokampas, ya kuma ƙara musu wahalar koyo. Maganin da ya rage kumburi a wata dabba ya yi illa a wata. Sannan gwaje-gwaje biyu da aka yi a Malawi, na yara a 2002 da na manya a 2007, ba su nuna wani amfani daga gare shi ba, a wurin da majiyyata da yawa ke ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, kuma suke isa asibiti a makare. Dabbar ɗakin gwaji lafiyayya ce kafin a sa mata cutar, an san sa'ar da ta kamu, an san adadin ƙwayar da aka zuba mata, kuma magani yana zuwa daidai lokacin da aka tsara. Mutum ba ya zuwa haka. A ganina laifin ba na dabbar ba ne, na mai karanta sakamakon ne idan ya nemi ta amsa tambayar da ba a yi mata ba.

Ƙwayar meningokokus, wadda ke haddasa annobar sankarau, ta fi kowace ba masu bincike wahala, domin mutum kaɗai take kamawa. Tana bukatar sinadarin ƙarfe daga wani furotin na jinin ɗan Adam, kuma wuraren da take maƙalewa a jikinmu ba irinsu ne a jikin ɓera ba. Dole ta sa aka ƙirƙiro ɓerayen da aka sa musu ƙwayoyin gado na mutum, har wasu suka dasa fatar mutum a bayan ɓera don su ga yadda ƙwayar ke manne wa jijiyoyin jini. Ana kuma cire wa ƙananan ɓeraye ƙwayar gado guda a ga wane ɓangaren garkuwa ne ke kare su, wane ne ke cutar da su, sannan ana amfani da 'ya'yan wani ɗan kifi mai jiki garai-garai da ake hango cutar tana yawo a cikinsa.

Ba na mantawa cewa waɗannan halittu suna jin zafi. Ƙa'idar da Russell da Burch suka shimfiɗa a 1959 ta ce a maye gurbin dabba da wata hanya idan akwai, a rage yawansu, a kuma sauƙaƙa musu wahala, kuma a ciwo mai zafi irin sankarau wannan wajibi ne. Yanzu ana gwada magungunan da ke kashe ƙwayar ba tare da fasa ta ba, irin su rifamfisin da daftomaisin, kuma a dabbobi sun rage kumburi da ɓarnar ƙwaƙwalwa. Abin da nake jira shi ne ranar da za a gwada irin wannan dabara sosai a jikin majiyyata, har da waɗanda suka zo a makare, a kuma bi yaran shekaru bayan sallama a auna jinsu da karatunsu.