Kula da mai raunin ƙwaƙwalwa bayan an sallame shi daga asibiti

An cire ɗinki, yana tafiya da ƙafarsa, sai dangi su ɗauka an gama. Alhali ko hatsarin mota ne sanadi, ko faɗuwa, ko shanyewar ɓarin jiki, ko sanƙarau, abin da ya fi wahalar da shi ido ba ya gani: gajiya, mantuwa da saurin fushi.

Gajiyar nan ba lalaci ba ce. Ƙwaƙwalwar da ta ji rauni tana shan wuya kan abin da a da take yi a sauƙaƙe, har da sauraron hira. Mutum uku na magana lokaci guda, ga talabijin a kunne, jim kaɗan za ka ga ya fara murza goshi, amsarsa ta gajarce, sai kuma tsawa. Kada a jira tsawar. A rage 'yan dubiya zuwa ɗaya ko biyu, a kashe talabijin, a ba shi hutun minti 20 zuwa 30 a ɗaki shiru. Idan raunin ya taɓa sashen gaban ƙwaƙwalwa, birkin da ke riƙe harshe da zuciya ne ya lalace, don haka gardama ba ta gyara komai. A sassauta murya, a canza zance.

Umarni ɗaya ake ba shi a lokaci guda, a jira kamar daƙiƙa 10 kafin a maimaita. Don Allah a daina gwada shi da "Ka gane ni?" Faɗi sunanka kawai. Lokutan magani a rubuta a littafi guda, a sa ƙararrawar waya.

Wajen cin abinci ne aka fi yin sakaci. A zaunar da shi sosai, loma ƙanana, kuma kada ya kwanta sai bayan minti 30. Tari yayin haɗiya, ko muryarsa ta koma kamar mai ruwa a maƙogwaro, alama ce abinci na bin hanyar iska, kuma hakan na iya jawo ciwon huhu. A sanar da likita.

Idan farfaɗiya ta tashi, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, kada a danne shi, kada a cusa komai a bakinsa, a juya shi kan gefensa da zarar jijjigar ta lafa. In ta wuce minti 5, sai asibiti. Haka ma ciwon kai mai ƙaruwa, amai a kai a kai, ko barcin da ake tashinsa da ƙyar, ko da makonni sun shuɗe da raunin, domin jini na iya taruwa a hankali a cikin ƙoƙon kai.