Tiren da na rubuta wa "ba a san daga ina ba"

Lokacin da nake karatun tonon kayan tarihi a Ingila an tura mu aikin fili na sati huɗu a kufan wani gidan gona na attajiran Rumawa. Ni dai ɗokina bai wuce in ga daɓen adon nan da ake jera ƙananan duwatsu masu launi ba, amma sati na farko kaf ba abin da na gani sai laka da baro da ciwon gwiwa.

A sati na biyu na yi ɓarnar da har yau take damuna. Ina kankare ƙasa da ɗan cokalin magina sai ga 'yan duwatsun daɓe sun leƙo, farare, ko ƙwayar dabino ba su kai ba, wallahi ban san sanda na zurma ba, na ratsa baƙar ƙasa mai toka na shiga jar ƙasar da ke ƙasanta, duk tsingaron da na tsinta na zuba a tire ɗaya. Malamar da ke kula da raminmu ta durƙusa ta nuna min bangon ramin da yatsa, layi biyu a fili kamar an ja da rula. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi ta yiwu shekara ɗari ce tsakanin baƙar da jar, kuma yanzu ba mai iya cewa wane tsingaro ne na wace.

Ranar na gane gida irin wannan ba sau ɗaya ake gina shi ba. Kamar dai tsohon gidan gado a cikin birni, kaka ya yi ɗaki, uba ya toshe ƙofa ya buɗe wata, jika ya yi sabon daɓe kan tsohon. Mai tono yana bin wannan ne daga sama zuwa ƙasa, kuma abin da ya tone ya tonu ke nan, ba a maidawa. In ka samu kwabo a ƙarƙashin daɓe, abin da ya faɗa maka kawai shi ne ba a yi daɓen ba sai bayan an buga kwabon, ko da shekara ɗaya ko da hamsin.

Da aka kai mu kufan wani gidan Rumawa da ke Chedworth a yankin Gloucestershire abin ya ƙara zama min. Wani mai gadin daji ne ya ci karo da wurin a 1864. Gidan ya faro ne a ƙarni na 2 ba wani girma, sai a ƙarni na 4 ya zama katafare, da wuraren wanka biyu da hanyar hura wuta ƙarƙashin daɓe don ɗumama ɗakuna. Mu kuma a aji mun haddace cewa wajen 410 mulkin Rum ya ƙare a Birtaniya, daga nan sai lalacewa, attajirai sun watse. To amma a ɗaki na 28 masu tono na National Trust, ƙungiyar da ke kula da wurin, sun kwashi gawayi da ƙashi a ramin harsashin wani bango, gwajin kabon, wanda ake gane tsufan gawayi ko ƙashi da shi, ya nuna ba a gina bangon ba sai bayan 424, kuma daɓen adon ɗakin bayan bangon aka shimfiɗa shi. A 2020 aka sanar. Ke nan bayan shekarar da muka ce komai ya mutu akwai mai gidan da ke biyan masu sana'a su yi masa ado, ko da yake aikin bai kai na ƙarni na 4 kyau ba, har da kurakurai a zanen.

Abin da ya tsaya min a rai, ɗan gawayi ne ya ba da wannan shaida, irin wanda ni da na share da hannu ina sauri in kai ga duwatsu masu kyau. Kuma ya yi amfani ne don wani ya rubuta takamaimai daga wace ƙasa ya fito.

Tirena kuwa tsingaro goma sha wani abu ne a ciki, har da bakin wata tukunya mai kyau. Da hannuna na rubuta masa takarda cewa ba a san daga wace ƙasa suka fito ba, aka ajiye shi gefe.