Canza tayimin bel ɗin Honda Baby Boy, da makin da ya sa na kwance aiki sau biyu

Motar Honda Accord ce ƙirar 2000, wadda dillalai ke kira Baby Boy, mai inji F23A, silinda huɗu, lita 2.3, bawul 16 a kan kamshaf guda. Da ƙafarta ta shigo gareji. Ruwa ne ke ɗiga ta ƙasan murfin bel, kuma mai ita bai san rabon da a canza bel ɗin ba. Wannan kaɗai ya isa a kwance. A injin nan fistin da bawul fili ɗaya suke rabawa, kowa da lokacin shigarsa: karanshaf ya juya sau biyu, kamshaf ya juya sau ɗaya, bel ne ke riƙe da wannan lissafi. Ranar da ya tsinke ana cikin gudu, kamshaf zai tsaya cak da wasu bawul a buɗe, fistin ya taso ya maka musu kai su lanƙwashe. Daga kuɗin bel sai a koma sauke tof silinda.

Littafin motar ya ce a canza a mil 105,000 ko shekara 7, duk wanda ya riga zuwa. Amma ya ƙara da cewa motar da ke yawan aiki cikin zafin da ya haura digiri 43 a canza mata a mil 60,000, wato kusan kilomita 100,000. Wanda ya san watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ya san lissafin da ya shafe shi. A kuma lura, agogon motar da aka shigo da ita daga Amurka mil yake ƙirgawa. Mutane da yawa suna karanta shi a matsayin kilomita, suna zaune suna ganin da sauran lokaci.

Bel biyu ne a ciki: babban na kamshaf, da ƙarami mai juya sandunan balansa guda biyu da ke kashe girgizar inji. Na tanadi duka biyun, da boris ɗin tenshina biyu (abin da ke ja wa bel ya tamke), da famfon ruwa da robarsa, da sil na kamshaf, na karanshaf da na balansa ta gaba. Famfon ruwan da bel ɗin yake juyawa, don haka barin tsoho a ciki rowa ce mai tsada: in boris ɗinsa ya ci, sabon bel zai tafi da shi. Ƙaramin bel ma haka, in ya tsinke cikin babban yake faɗawa ya sa shi tsallake haƙori. Bel kuwa ba a sa ɗan kwatano, komai kyansa a ido.

Na cire kan batir, na ɗaga mota a kan jak da abin tokare, na cire tayar gaba ta gefen direba da robar da ke bayanta. Kafin komai na fara da ƙusar fulin karanshaf, mai kai 19, domin ita ce dodon aikin. Ƙarfin ɗaurinta Nm 245 ne (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗaurin ƙusa), ga tsatsa ta shekaru. Akwai dabarar da yaran gareji suka saba da ita, a tokare doguwar sifana da ƙasa a ɗan taɓa makulli, kik ya kwance ƙusar. A wannan injin kar a kuskura. Shi juyin hagu yake yi, akasin hannun agogo, kik ɗin ƙara tamke ta zai yi. Abin da ya yi mini aiki shi ne maƙalin Honda mai kusurwa shida, milimita 50, da ke shiga cikin fulin ya riƙe shi, sai doguwar sifana da aka zura wa bututu. Da ta saki sai da ta yi ƙara kamar an karya ice.

Sauran kwance-kwancen ba wuya: bel ɗin fawa sitiyari, na altaneta da iyakwandishan, a tallafi inji da jak da katako a ƙarƙashin kaskon baƙin mai, a cire mawuntin na gefe, bututun ma'aunin mai, murfin bawul da murfin bel na sama.

Sai maki, wato alamomin da ake daidaita karanshaf da kamshaf da su. Na cire fulogai don inji ya yi sauƙin juyi, na juya da hannu zuwa hagu har farin zanen da ke jikin fuli ya daidaita da tsinin murfin ƙasa. Fari, ba jan ba. Jan na saita wuta ne, wanda ya bi shi ya riga ya kauce. A sama, rubutun UP da ke jikin fulin kamshaf ya kalli sama, zane biyun da ke gefensa su kwanta daidai da fuskar tof. In UP ƙasa yake kallo, a ƙara juya karanshaf zagaye ɗaya.

Bayan an cire fuli, murfin ƙasa da tsofaffin bel, sabon bel yana da jerin shigarsa: karanshaf, tenshina, famfon ruwa, sannan kamshaf, ana ja kar a bar sako-sako a gefen da ba tenshina. A saki notin tenshina sifirin ya ja, a ɗaure, a juya inji da hannu zagaye biyar ko shida bel ya zauna. Sannan a dawo maki, a sassauta notin kamar juyi ɗaya, a juya karanshaf hagu har kamshaf ya matsa haƙori uku, a ɗaure a Nm 45. Ba a danna tenshina da ƙarfe don "ya ƙara ƙarfi". Bel ɗin da aka matse fiye da kima kuka yake yi kamar jiniya, kuma yana cinye boris ɗin famfo.

A ƙaramin bel na yi kuskure. Balansa ta gaba tana da zane da ake daidaitawa da alamar da ke jikin gidan famfon mai, wannan a fili yake. Ta baya kuwa ta cikin giya take juyawa, fulin da ake gani a waje ba ya faɗa maka inda nauyin sandar yake. Na ɗiga masa farin fenti kafin in cire bel, na mayar a kan fentin, na rufe. Mota ta tashi bugu ɗaya, silo lafiya lau. Da na taka totur allurar juyin inji ta wuce 2,000 sai sitiyari ya fara kaɗa hannu, madubin ciki yana rawa har ba a ganin komai a cikinsa. Fulin ya juya lokacin da nake goge wurin, ya dawo kan fenti, sandar kuma tana wani waje. Maimakon ta kashe girgiza sai ta ƙara.

Hanyar da ta dace: a bayan bulok akwai ƙusa mai toshe wani rami. A cire ta, a samo ƙusa mai kauri milimita 6, tsawo 100, a yi mata zane a milimita 74 daga tsini. A zura ana juya fulin a hankali har ta faɗa ramin sandar ta shige zuwa zanen. Nan ne mazauninta. A sa bel, a zare ƙusar, a mayar da murfin ramin. Mantawa da ita a ciki a tada inji ya fi kuskurena muni. Kwance mawuntin, fuli da murfi karo na biyu ya ci mini rabin yini, duk a kan aikin minti biyar.

Abin da ya sa haƙori ɗaya ke da tasiri a motar injekta: na'urorin da ke gaya wa ƙwaƙwalwar mota inda fistin yake suna nan bayan fuli, kusa da haƙoran karanshaf, wata kuma tana cikin distiributa da kamshaf ke juyawa. Da su take sanin lokacin da kowace nozul za ta fesa fetur. In kamshaf ya kauce, mota za ta tashi amma ba ƙarfi, ga shan mai, sai a dinga wanke nozul da canza fulogi a banza. Wayar na'urorin kuma ta bi ta maƙalinta kafin a rufe murfi, in ba haka ba bel zai goge ta.

Na shafa baƙin mai a zaren ƙusar fuli na ɗaure a 245, na zuba ruwan lagireto, na bar inji yana silo da hita a buɗe har fanka ta tashi sau biyu iska ta fita. Tunda murfin bawul a buɗe yake tun farko, na auna gibin bawul da inji a sanyaye: milimita 0.26 na shigar iska, 0.30 na fitar hayaƙi.

Masu Accord ɗin da ta biyo baya, wadda ake kira End of Discussion, mai silinda huɗu, daga 2003, ba su da wannan aikin, injin K24 sarƙa yake da ita. Tata cutar baƙin mai ce: in ana bari ya ƙare ko ya daɗe, sarƙa ta miƙe, fitilar gargaɗin inji ta kunna, na'urar gwaji ta nuna lambar matsala P0341. Mai silinda shida kuwa har yanzu bel ne, a duba kafin a ce "tawa sarƙa ce".

Kafin in rufe bonet na rubuta mil ɗin da agogo ke nunawa da wata da shekara da fenti a jikin murfin bel na sama.