Jitar Lantarki a Hannun Mai Fentin Mota

Jitar lantarki yawanci ba ta da ciki irin na gurmi ko garaya, inda ƙoƙon ne ke ba da amo. Jikinta katako ne curarre, sautin kuma daga wasu 'yan maganaɗisu yake fitowa, waɗanda aka naɗe da siririyar wayar tagulla aka kafa ƙarƙashin tsirkiyoyi. Shi ya sa maƙeranta suke da damar yanka jikin yadda suka ga dama. Wannan 'yancin ne ya ja hankalina tun ban iya kama tsirkiya ba, kuma shi ya kai ni ga sayen wata tsohuwa 'yar gwanjo a Sabon Gari, da niyyar in sake mata kamanni da hannuna.

Kwaikwayon Stratocaster ce, baƙa, fentinta duk ya daddare. Kamfanin Fender na Amurka ne ya fito da wannan siffa a 1954, kuma har gobe ita ake ta kwafa. Leo Fender da ya kafa kamfanin mai gyaran rediyo ne, ba makaɗi ba, aikinsa kuwa ya nuna haka: kusoshi huɗu ne ke riƙe da wuyan, kayan lantarkin kuma kusan duk suna manne da farantin roba na gaba. Da sukudireba ɗaya na wargaza ta a tsakar gida.

Sai da na kankare fentin, katako ya fito tsirara, sannan na gane abin da ya sa siffar take da kyau. Ƙahon nan na sama da ya fi na ƙasa tsawo, na ɗauka ado ne kawai. Ashe a ƙarshensa ake maƙala ɗamara, tsawonsa ne ke hana wuyan rinjaya ƙasa idan makaɗi ya miƙe tsaye. Na ƙasa an rage shi don yatsu su kai ƙarshen wuya. Ta baya an fafe wani wuri daidai inda haƙarƙari ke zama, ta gaba kuma an zaftare kusurwar da hannun dama ke kwanciya a kai. Na daɗe ina shafa wannan zaftarewar da tafin hannu ina bin ta da samfefa. Babu lanƙwasa ɗaya a jikinta da ba ta da aikin yi, ido kuma yana jin daɗin hakan ko da mai idon bai san dalili ba.

Da farko fentin gwangwani na so in fesa. Wani kafinta maƙwabcinmu ya hana ni, ya tura ni wurin wani dattijo mai fentin motoci a Tudun Wada. Dattijon ya juya katakon, ya kai shi daidai idonsa yana hangen rana ta gefensa, ya ce, “Ɗana, wannan gugar taka da saura. Fenti ba ya rufa wa katako asiri, tona masa yake yi.”

Na ce, “Baba, ai na goge ta sumul.”

Ya kama yatsana ya bi da shi ta wajen ƙugun jitar, sai ga ƙananan ramuka da idona bai gani ba. Ya sa na cike su da fila, na sake gugewa, ya fesa fentin farko mai ruwan toka, na sake gugewa. Kusan duk aikin a gugar ya tafi. Feshin launin kansa bai kai shan shayi ba.

Zuwa wurinsa kuwa ya dace da tarihin abin. Launukan da Fender ya yi suna da su a ƙarshen shekarun 1950 da farkon na 1960 fentin motoci ne na kamfanin DuPont, irin shuɗin Cadillac da koren Chevrolet. Da na gaya wa Baba haka, dariya ya yi ya ce to ashe 'yar gida ce. Muka zaɓi shuɗi mai haske. Lokacin hunturu ne, ƙura ta cika gari, don haka sai da ya yayyafa ruwa a ƙasan rumfar, ya rataye jikin da sanda ta ramin wuya, ya yi feshin da sassafe kafin iska ta taso. Duk da haka wasu 'yan ƙwayoyin ƙura sun zauna a kai. Da samfefa mai lamba 1500 da 2000, jiƙaƙƙiya da ruwan sabulu, aka fitar da su bayan fentin ya bushe sosai. Ya gargaɗe ni kada in ɗaura ƙarafan da wuri, domin fenti yana bushewa ta sama alhali cikinsa da taushi, kan kusa sai ya nutse ya bar tabo.

Inda muka fi jan magana shi ne ado. Ni ɗan Zariya ne, na tashi ina ganin zanen ƙofar fadar Sarkin Zazzau da dagin da magina ke fitarwa a goshin zaure, sai na so in lulluɓe jikin jitar duka da irinsa. Wata ƙanwata da ke karatun zane a Samaru ta zana mini shi a takarda, muka ɗora a kai, ta ce, “Yaya, duba, ƙahonnin sun ɓace.” Gaskiyarta. Bangon zaure shimfiɗaɗɗe ne, yana ɗaukar ado mai yawa, ita kuwa jita siffarta ta riga ta gama magana. Sai ta yi dagi ɗaya ƙarami, fari da ja, a bayan inda tsirkiyoyi ke ƙarewa, ta karkata shi ya bi lanƙwasar jikin. Daga nesa shuɗin ake gani, sai an matso ake cewa, a'a, ta Arewa ce.

Ba duk siffofin zamani ne suka kwanta mini ba. Flying V, mai siffar harafin V, da kamfanin Gibson ya fitar a 1958, da katakon limba na Afirka ta Yamma, tana da kwarjini a kan dandamali, amma gwada zama da ita a kan cinya ka ga yadda take zamewa. Da farko ma ba ta yi kasuwa ba. Jitoci marasa kai, waɗanda maƙerin jita Ned Steinberger ya yi fice da irinsu wajen 1980 kuma suka dawo yayi yanzu, suna da sauƙin ɗauka, ina kuma girmama dabarar, sai dai har yau idona yana neman kan. Abin da ba na so sam shi ne sabuwar jita da ake karcewa da gangan a masana'anta don ta yi kama da tsohuwa, a ƙara mata kuɗi. Gogewar da hannun makaɗi ya yi a shekaru tana da daraja a wurina, domin wani ne ya yi gumi a wurin.

Yanzu hankalina ya koma kan maɗaci. Dangin katakon nan ne ja da Gibson ke yin jikin jitarsa Les Paul da shi tun 1952, ga shi kuma muna da shi a gida. Na sami wani falanki mai kauri a wurin masu katako da niyyar yanka sabon jikin jita, na jingine shi a inuwa yana ƙara bushewa, domin ɗanye tsagewa zai yi da zarar hunturu ya buga shi. Wannan karon Baba ya ce ba zai sa launi ba, mai sheƙi zalla zai fesa don jijiyoyin katakon su fito, kuma ya riga ya faɗa mini gugar za ta ninka ta farko.