Farar ƙasar Bularafa a ɗakin gwaji

Ranar da aka fara miƙo mini dunƙulen farar ƙasa daga Bularafa, a ƙaramar hukumar Gulani ta jihar Yobe, na yi zaton nauyin dutse zan ji, sai ga shi sakayau a tafin hannuna. Na ɗiga masa ruwa ya shanye nan take, na murza shi ya bar gari a yatsuna kamar alli, amma da aka zuba masa asid bai yi kumfa ba, alamar cewa ba alli ba ne. Masana na kiranta dayatomait.

Na'urar XRF, wadda ke auna sinadaran da ke cikin abu, takan nuna cewa dayatomait mai kyau tana ɗauke da silika kashi 80 zuwa 90 cikin 100, sauran kuma yumɓu ne da ɗan ƙarfe. Sai dai farin yashi ma silika ne, saboda haka ban taɓa gamsuwa da rahoton da ya tsaya a nan ba. Bambancin yana fitowa ne a na'urar XRD, mai duba yadda ƙwayoyin zarra suka jeru. Dutsen ƙanƙara da ke cikin yashi yakan fitar da tsini siriri a zanen sakamakon na'urar, a kan kusurwar digiri 26.6, domin jerinsa a tsare yake, ita kuwa dayatomait tudu mai faɗi take bayarwa a wajejen digiri 22, saboda silikarta ba ta da wannan tsari.

Madubin lantarki mai ƙara girma ne ya fi burge ni. Abin da ido ke gani kamar gari ashe ɓawo ne na ƙananan halittun ruwa, kowanne da ramuka a jere tamkar rariya, kuma ramukan nan ne suka sa ake tace ruwa da mai da ita. Irin ɓawon nan ne shimfiɗe a kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tsohon gindin babban tafki, inda iskar hunturu ke kwasarsa zuwa garuruwanmu, har ta tsallaka da shi dajin Amazon.

Abin da ke damuna shi ne gasa ƙasar. Idan aka gasa ƙasar nan a zafin da ya kai kimanin digiri 1000 a ma'aunin Celsius, wani ɓangare na silikarta yakan rikiɗe ya zama kiristobalait, wani nau'in silika mai tsararren jeri, wanda ƙurarsa ke lalata huhu sannu a hankali. XRF ba za ta ga wannan sauyi ba, domin adadin silikar kusan yana nan yadda yake, alhali ma'aikacin da ke ɗura garin a buhu ba tare da takunkumi ba yana shaƙarsa kullum.