Kada ku karɓi tarihin sarakunan Indiya daga bakin fim

Ƙannena masu kallon fina-finan sarakunan Indiya, akwai ramin da na faɗa wanda ba na so ku faɗa. Na daɗe ina ɗaukar duk abin da na gani a fim a matsayin tarihi, har in zauna a majalisa ina musu a kai, wani lokaci da rantsuwa.

Jodhaa Akbar na 2008 shi ne ya fara cin galaba a kaina. Sarki a kan karaga, fadawa sun jeru, ana kirari kafin ya fito, talaka ya kawo ƙara a gabansa. Wanda ya tashi yana ganin zaman fada a ƙasarmu ba zai ji abin baƙo ba, shi ya sa zuciya ke saurin gaskatawa. Kuma akwai gaskiya a ciki. Akbar ya yi mulki daga 1556 zuwa 1605, ya auri 'yar Raja Bharmal, sarkin Amber, a 1562, ita ta haifa masa Salim wanda ya gaje shi da sunan Jahangir. Amma littattafan fadarsa ba su kira ta Jodha kamar yadda fim ya kira ta ba, laƙabinta Maryam-uz-Zamani, kuma ba ita kaɗai ce matarsa ba. Sannan wannan sarki mai taushin murya da muka gani, shi ne ya ci birnin Chittor da yaƙi a 1568 aka kashe dubban mutane. Ban san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba lokacin da nake koya wa yaran gidanmu labarinsa, suna sauraro suna haddacewa. Wannan shi ya fi damuna har yau, domin abin da yaro ya ji daga bakin yayansa da wuya ya sake bincika shi.

Kuskurena na biyu ya fi na farko muni. Da Padmaavat ya fito a 2018 na ga yadda aka nuna Sarkin Delhi Ala'uddin Khilji, ido ya sha kwalli, gashi a barbaje, yana yagar nama da hannu biyu maiƙo na bin gemunsa, sai raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce an ci mutuncin sarki Musulmi, na shiga kare shi ido rufe, ina ba shi halayen da ban taɓa karantawa a ko'ina ba. Sunansa kawai na ji na zaɓi ɓangare.

Da na natsu na karanta, sai na ga abin ya fi haka faɗi. A fim, an nuna Ala'uddin ya yaƙi Chittor don ya samu sarauniyarta Padmavati. Cewa ya kewaye Chittor ya ci ta a 1303, wannan tabbas ne. Mawaƙi Amir Khusrau yana tare da rundunar, ya rubuta labarin yaƙin, bai ambaci wata sarauniya da aka yi yaƙin dominta ba. Labarin sarauniyar ya fito ne daga wata doguwar waƙa da Malik Muhammad Jayasi ya rubuta a 1540, shekara 237 bayan yaƙin, kuma shi Jayasin Musulmi ne, sufi. Ke nan fim ɗin a kan waƙa aka gina shi, masu shi ma sun rubuta haka a farkonsa, a wurin nan da muke tura hoto gaba don mu kai ga labari. Shi kuwa Ala'uddin na gaske, ya kare arewacin Indiya daga hare-haren Mongol, ya ƙayyade farashin hatsi a kasuwannin Delhi ya sa masu sa ido. Shi ne kuma ya kashe baffansa kuma surukinsa Jalaluddin a 1296 ya hau gadon. Har yanzu ina ganin fim ɗin bai yi masa adalci ba, amma ni ma da na wanke shi tas ban yi wa gaskiya adalci ba.

Don haka ku riƙa tsayawa ku karanta rubutun farkon fim. Ku tambayi wa ya fara ba da labarin, kuma shekara nawa tsakaninsa da abin da ya faru. In fassarar Hausa kuke kallo, ku tuna mai fassara yakan ƙara nasa zancen don armashi, ba kowace magana ce sarkin ya faɗa ko a ainihin fim ɗin ba. Baahubali kuwa ku more shi hankali kwance, sarkinsa ƙirƙira ne tun daga tushe.

Ba cewa nake ku daina kallo ba, ni ma ban daina ba. In fim ya sa muku ƙishirwar sanin wani sarki, ku bi ta zuwa littafi. Masu karatun Larabci ku nemi littafin tafiye-tafiyen Ibn Battuta, wanda ya yi alƙalanci a Delhi, daga baya ya ratso har Takedda a ƙasar Nijar ta yau a 1353. A ciki ya ba da labarin Raziya, macen da ta mulki Delhi daga 1236 zuwa 1240, tana hawan doki da kwari da baka kamar maza.